Yadda Ake Kare Fata Daga Bushewa da Faso a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kano ba ta raga wa fata. Daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso hamadar Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta iso mana a bushe ƙamas. Laimar da ke cikin iska, wadda kan haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, takan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana a Janairu. Da asuba sanyi kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, da azahar kuma rana ta buɗe ta kusa 30. Shi ya sa za ka ga mutum ya shafa mai da safe, kafin ya isa Bata daga Kabuga ƙafarsa ta yi fururu.

Kafin a shiga matakan, akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe. A saman fata akwai ɗan siririn maiƙo da jiki ke fitarwa, shi ke hana ruwan cikinta fita. Sabulu da ruwan zafi suna wanke wannan maiƙo, busasshiyar iska kuma ta zuƙe ruwan. Basilin da man kaɗe ba sa zuba wa fata ruwa, tsare wanda suka tarar kawai suke yi. Wanda ya bari jikinsa ya bushe sarai sannan ya lafta mai, tamkar ya rufe tukunya ne bayan ruwan ya ƙone. Saboda haka lokacin da aka shafa mai ya fi tsadar man muhimmanci.

Mataki na 1: A gyara wanka

A muku-mukun sanyi kowa na son ruwa mai tururi, amma shi ne kan gaba wajen busar da fata. A sirka shi ya koma ɗumi, a gwada da gwiwar hannu. In ba za ta iya zama a ciki ba, ya yi zafi. Minti 5 zuwa 10 ya isa. Wanka da sabulu sau ɗaya a rana ya wadatar ga mafi yawan mutane, in an so ƙarawa da yamma a watsa ruwa kawai. Sabulun ma a fi ba shi ƙarfi a hammata da matse-matsi da ƙafa. Ƙwauri da damtse da baya ba sa buƙatar kumfa mai yawa kullum.

Kada a yi wanka da sabulun wanki. Sabulai masu kashe ƙwayoyin cuta su ma suna busar da jiki, a ajiye su sai in likita ne ya rubuta. Sabulun salo yana da kyau, sai dai wani akan cika masa toka ya yi kaifi. In ana jin fata na ɗaurewa bayan wanka, a daka shi da ɗan man kaɗe ko a sauya. Soson raga mai kaushi a sassauta masa hannu. Mata masu dilka da halawa su rage yawan yi har iska ta lafa, domin fatar da aka goge ta fi saurin tsagewa.

Mataki na 2: A shafa mai jiki na da danshi

Da an gama wanka a tsane jiki da tawul ta hanyar dannawa, kar a gurza. A bar ɗan danshi, a shafa mai nan take, cikin minti 3. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga banɗaki da robar man tare da sabulu, domin in aka ce sai an tsallaka tsakar gida an shiga ɗaki, iska ta riga ta gama aikinta. A fara da ƙwauri da gwiwa da gwiwar hannu, su ne suka fi bushewa.

Wane mai? A ganina babu kamar man kaɗe da basilin a wannan lokaci, kuma su ne mafi araha. Man kaɗe yana shiga fata ya tausasa ta, basilin kuma ya fi komai toshe hanyar fitar ruwa. Wanda fatarsa ta bushe ƙwarai ya fara da man kaɗe, ya bi wuraren da suka fi tsanani da basilin kaɗan. In za a sayi man kaɗe a Kurmi ko Rimi a shinshina, a kuma murza kaɗan a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba, wanda ya daɗe kuwa yana da ɗoyi. A tafin hannu ake narkar da shi, ba sai an ɗora a wuta ba.

Man kwakwa kan daskare da sanyi, wannan ba lalacewa ba ce. Gilisarin yana jawo ruwa zuwa fata, amma kar a shafa shi tsura a busasshen jiki. A gauraya da ruwa kaɗan, a shafa, a rufe da mai. Mayukan kwalba masu ruwa-ruwa sun fi dacewa da bazara, a hunturu ba sa jimawa. Wanda ke da ƙurajen fuska ya shafa mai mara nauyi a fuskarsa, masu kauri kuma ya bar wa sauran jiki.

Mataki na 3: Bayan kowace alwala

Nan ne da yawa daga cikinmu ke asarar abin da suka shafa da safe. Sau biyar a rana muna jiƙa fuska da hannuwa da ƙafafu, sau da yawa da ruwan buta mai sanyi a ƙofar masallaci ko bakin shago, sannan mu miƙe mu bar iska ta busar. Duk lokacin da ruwa ya bushe a kan fata haka, yakan tafi da wani ɓangare na danshinta. Dubi bayan hannun ɗan kasuwar da ke wuni a Kwari ko Singa, da diddigensa, za ka ga wuraren alwala su ne suka fi tsagewa.

Maganin ba shi da wahala. A zuba basilin ko man kaɗe a ƙaramar roba da za ta shiga aljihu ko jaka, a ajiye wata a shago ko ofis. Da an idar da sallah, ko da an gama alwala in da sarari, a shafa ɗan kaɗan a bayan hannu, gwiwar hannu, leɓe da diddige. Kaɗan ake so, yadda kafin wata sallar fata ta shanye shi. Malamai sun bayyana cewa abin da ya yi kauri a kan fata har ya hana ruwa taɓa ta dole a gusar da shi kafin alwala, amma maiƙon da ya riga ya shige jiki ba ya hana ta inganta. Tsakanin yatsun ƙafa kuwa a tsane shi sosai, kada a sa masa mai, domin danshi a wurin shi ke kawo cin ruwa.

Mataki na 4: Kaushi da faso

Wannan aikin dare ne. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, a goge kaushin da dutsen goge ƙafa a hankali, a ɗauraye, a tsane. A lafta basilin ko man kaɗe a diddige, nan kam a cika, a sa safar auduga a kwana da ita. Gugar sau biyu ko uku a mako ta isa, shafa mai da safa kuwa kowane dare. In kaushin ya yi kauri, a tambayi mai kemis man ƙafa mai sinadarin yuriya, yana tausasa matacciyar fata fiye da mai zalla.

Kada a yanke kaushi da reza. Kada a ɗiga wa faso narkakken kyandir ko baƙin mai, ƙuna da datti kawai ake ƙara masa. Fason da ya buɗe yana jini a wanke shi da ruwa mai tsabta, a shafa basilin, a rufe da filasta, a daina gugarsa har ya haɗe. Silifas na barin diddige a fili ƙura na shiga, nauyin jiki kuma na ƙara buɗa tsagar. Takalmi rufaffe da safa ya fi a watannin nan.

Mai ciwon suga lamarinsa daban ne, kuma ina roƙon 'ya'ya su lura da iyayensu a kan wannan. Ciwon kan rage jin zafi a ƙafa, rauni kuma ba ya saurin warkewa, sai ƙaramin faso ya zama gyambo ba a sani ba. Ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya jiƙa ta a ruwan zafi, kada ya goge da dutse, in ya ga tsaga ya nufi asibiti.

Mataki na 5: Leɓe, hanci da hannu

Lasar leɓe na ƙara busar da shi, ɓantarar fatar kuma na sa jini. Basilin kaɗan bayan cin abinci da kafin barci ya isa. Cikin hanci ma yana bushewa har a yi haɓo, musamman yara. In ya faru a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hancin minti 10 ba tare da saki ba. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro. In ya wuce minti 20 bai tsaya ba, sai asibiti. Shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin kwana na ɗan rage bushewar iska. Masu Adaidaita Sahu da duk mai wuni a titi, takunkumi zai rage musu ƙura.

Mai wanki da wanke-wanke ta nemi safar hannu ta roba, domin omo na cinye maiƙon hannu sosai. In babu, ta ɗauraye hannu sosai ta shafa mai da ta gama.

Mataki na 6: Sutura da jin ɗumi

Suwaita mai gashi-gashi na sa ƙaiƙayi in ta taɓa fata, a sa rigar auduga a ciki. Wadda aka saya a gwanjon Ƙofar Wambai a wanke ta kafin a sa. Zama dab da kaskon garwashi na busar da ƙwauri, in ya zama ɗabi'a yakan bar tabo baƙi-baƙi. Kwana da garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana kisa, domin yana fitar da iskar guba marar wari. A fitar da shi kafin a kwanta. Ƙishi na raguwa da sanyi, amma a ci gaba da shan ruwa. Lokacin ne kuma karas da tumatir da latas na noman rani ke cika 'Yankaba, a amfana.

Jarirai, tsofaffi da yaran makarantar allo

Fatar jariri ba ta da kauri. Wankansa ya zama gajere, da ruwan ɗumi, bayan rana ta fito, a shafe shi da basilin marar turare ko man kaɗe mai tsabta. Man zafi mai kafur ko mentol ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne, kuma ba a cusa wa kowane yaro shi a hanci. Tsofaffi jikinsu ya rage fitar da maiƙo, shi ya sa suke yawan susa. A taimaka a shafa musu a baya, inda hannunsu ba ya kai. Almajiran da ke zuwa ƙofar gidajenmu da asuba, dubi ƙafafunsu. Ƙaramar robar basilin da safa da takalmi ba za su gagari yawancin gidaje ba, kuma sadaka ce da yaron zai ji amfaninta a daren.

Inda mai ba zai yi magani ba

Mayukan bilicin, musamman masu sinadarin hydroquinone, da mercury, da steroid irin su clobetasol, suna raunana fata, sai hunturu ya same ta ba kariya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Wadda ta daɗe tana shafa mai steroid ta ga likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya kan tayar da ƙuraje.

Ba kowane ƙaiƙayi ne na sanyi ba. In ya fi tsanani da dare, akwai ƙananan ƙuraje tsakanin yatsun hannu, kuma 'yan gida da dama na susa, ana zargin ƙazuwa ce, duk gidan ake yi wa magani lokaci guda. Zagayayyen tabo mai ɓawo a kan yaro sau da yawa makero ne. Haka nan in fata ta yi ja, ta kumbura, tana zafi ko fitar da mugunya, ko an yi mako 2 ana bin matakan nan ba sauƙi, a je asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum wurin likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da duk mayukan da ake shafawa, likita ya gani da idonsa.