Darasi na 7: Hoton Ƙirji da Numfashi

Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko mutum yana haki daga ɗan taku kaɗan, likita kan tura shi ɗaukar hoton ƙirji. Ana ɗaukar hoton da hasken eksire, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a 1895.

Za a ce ku cire sarƙa da duk wani ƙarfe da ke jikinku. Ku tsaya, ku manna ƙirji da allo, hannuwa a ƙugu, kafaɗu a gaba. Sai ma'aikaci ya ce: "A ja numfashi sosai. A riƙe. Kada a motsa."

Wannan riƙon shi ne rabin aikin, kuma a nan mutane da yawa ke sakaci. A hoto iska baƙa take fitowa, ƙashi kuwa fari fat. Idan huhu ya cika da iska ya buɗe, duk inda ruwa ko mugunya ta taru sai ya fito fari-fari kamar gajimare. Wanda bai ja numfashi da kyau ba, huhunsa zai fito a takure, zuciyarsa ta yi kamar ta kumbura alhali ƙalau take. Sai a sake hoto.

Hoto guda siffar huhu kawai yake nunawa. Don a ga aikinsa, wani lokaci ana ɗaukar biyu: ɗaya an ja numfashi, ɗaya an sauke. Gefen da bai motse ba bayan an sauke, iska ce ta maƙale a ciki. Akwai kuma gwajin da ake shaƙar wata iska mai alama, a yi allura a jijiya, na'ura ta nuna inda iska ke kaiwa da inda jini ke kaiwa. Idan iska ta isa wuri jini bai isa ba, likita zai yi zargin gudan jini ya toshe hanya.

Mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin a kunna na'ura. Tarin fuka kuwa, hoto kaɗai ba ya tabbatar da shi, sai an gwada kaki.

Aiki: ku ɗora hannu a ciki, ku ƙirga numfashinku na minti ɗaya, ku rubuta adadin. Babban mutum da ke hutawa yakan yi 12 zuwa 20.