Yadda ake kallon murjani a Bahar Maliya ba tare da an lalata shi ba

Wanda ya saba ganin murjani a wuyan amarya zai ɗauka dutse ne, alhali ƙashin wasu ƙananan halittu ne masu rai da ke zaune a dunƙule a ƙarƙashin teku. Jan murjanin ado ya fi fitowa daga Bahar Rum, amma irin wanda ke gina tsaunuka a ruwa yana da yawa a Bahar Maliya, daga Ras Muhammad ta Masar, wadda aka killace a 1983, har zuwa Sanganeb da ke gaɓar Sudan, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Kafin a shiga jirgin ruwa, a tambayi matuƙinsa inda zai ɗaure shi. A wurare irin su garin Hurghada na Masar an kafa maɗaurai na dindindin a cikin ruwa, domin ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa don tsayar da jirgi tana karairaya murjanin da ya yi shekaru yana girma. Manyan dunƙulallun nau'o'insa ba sa ƙaruwa da fiye da kimanin santimita 1 zuwa 2 a shekara, saboda haka ɓarnar minti guda tana iya ɗaukar shekaru da dama kafin ta warke. Matuƙin da ya ce ba kome, a nemi wani.

Idan an shiga ruwa, a kwanta a kan ciki a riƙa yin iyo a hankali, kada a tsaya a kan murjani ko a dafa shi da hannu, ko da an gaji, domin naman da ke lulluɓe da shi siriri ne ƙwarai. A kuma kula da takalmin iyo, saboda yashin da yake tayarwa yana sauka a kan murjanin ya tare masa haske. Wannan haske shi ne rayuwarsa, tunda wata irin gansakuka da ke zaune cikin jikinsa ce ke haɗa masa mafi yawan abincinsa da hasken rana. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda ya saba na tsawon makonni, sai ya fitar da gansakukar ya yi fari fat, kuma wanda aka riga aka raunata shi ne ya fi saurin mutuwa.

Riga mai dogon hannu ta fi man shafawa na kariya daga rana, musamman wanda ke ɗauke da sinadarin oxybenzone, wanda jihar Hawai ta Amurka ta haramta sayar da shi tun 2021 saboda illarsa ga murjani. Kada a jefa wa kifi burodi, kuma leda da robar ruwa a dawo da su tudu.

Abin da ya fi wuya a kan matafiyinmu shi ne tsaraba. Guntun murjani ko ƙwanson da ake tallarsa a bakin teku daga can ƙasan ruwa aka ɓalle shi, kuma dokar Masar ta hana ɗibarsa, har ana iya ƙwace shi a filin jirgin sama.