In ɗan sanda ya tsayar da kai kana da bindiga a mota

'Yan uwa mazauna Amurka masu lasisin ƙaramar bindiga, don Allah a kula. In aka tsayar da kai, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Da dare ka kunna fitilar ciki. Kafin ka taɓa aljihu, ka faɗa wa ɗan sandan akwai bindiga da inda take, ka jira umarninsa. A Michigan dole ne ka faɗa nan take. Philando Castile, wani direba mai lasisin bindiga, ya faɗa a Minnesota a 2016, duk da haka aka harbe shi cikin daƙiƙu. Abin yana ci mini rai har yau. Kana iya ƙin yarda a caje motarka, amma da baki kawai. Lasisin bindiga na Texas kuma ba ya aiki a New York.