Darasi na Bakwai: Tayar da Tsohon Keken Ɗinki

A gidaje da yawa akwai baƙin keken ɗinki da aka jingine a lungun ɗaki, an ɗora masa kwanuka. Ka tambaya, a ce maka ya mutu. Yawanci bai mutu ba. Tsohon mai ne ya daskare a cikinsa, ƙura da tsatsa suka bi. Kada ka yi saurin sayar wa 'yan gwangwan.

Fara da duba sunansa. Idan Singer ne, kamfanin ya faro a Amurka a 1851, amma da yawa daga cikin tsofaffin an ƙera su ne a masana'antarsa ta Clydebank, a Sukotlan, wadda aka rufe a 1980. Butterfly kuwa ɗan Sin ne, an kwaikwayi ƙirar Singer mai lamba 15. Shi ya sa allura da kwarkwaron ɗaya (abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai) sukan shiga ɗayan.

Kayan aiki ba su da yawa: kananzir, man keke, sukurdireba, tsohon buroshin haƙori, tsumma mai laushi, da faranti na zuba ƙusoshi.

Cire bel, ka cire allura. Kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allurar. Nan za ka ga haƙoran da ke jan yadi, tsakaninsu cike da burbushin zare da ya dunƙule, wani ma ya yi tauri sai ka sa tsinke. Share shi tas. Fito da ƙoshiya, wato gidan da kwarkwaro ke zama, da shi kwarkwaron, ka wanke su da kananzir.

Sai ka kwantar da kan keken ta baya. Duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ɗiga kananzir, ka bar shi ya kwana. Da safe ka juya tayar hannu zuwa wajenka, a hankali. In ta cije, kada ka sa ƙarfi, guduma kuwa ko kusa. Ƙara kananzir ka sake jira. Nan ne mai gaggawa yake karya abin da shekara hamsin ba ta karya ba.

Da ta fara juyawa, goge baƙin ruwan da ya fito, ka sa man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai. Man gyaɗa kuma haramiyarsa ne, don yana yin danƙo ya sake kame keken.

Zanen ruwan zinare da ke jikin keken shi ne kwalliyarsa, kuma ba ya son fetur, sifirit ko ruwan omo. Jiƙa tsumma da man keke kawai ka shafa, ba da dirza ba.

Sa sabuwar allura mai lamba 14, ko 16 in yadin mai kauri ne. Gwada a ƙyalle. Idan zare ya tattaru a ƙasan ƙyallen, na sama ne ya yi sako-sako, sai ka ɗan matse maɗaurinsa. Idan ɗinki yana tsallake, duba allurar tukuna, ƙila a juye ka sa ta.

Aiki:
1. Me ya sa ba a sa wa keke man gyaɗa?
2. Rubuta sunayen kayan aiki huɗu da aka ambata.
3. Nemi tsohon keke a unguwarku, ka kwafo sunansa da lambar da ke jikinsa, ka kawo aji.