Yadda ake saukar da jikin da ya daɗe a firgice

Mutum ya je asibiti, an auna jini, an duba zazzaɓin cizon sauro, an ce ba a ga komai ba, ya dawo gida da faɗuwar gabansa, ƙirji kamar an ɗora masa buhun gero. A nan Maradi, daga nan sai wajen mai tallar ƙwayoyi a tire, yau dala ashirin, gobe dala talatin. Ka tambaye shi me yake ji, ya ce lafiya lau, alhali kafaɗunsa sun kusa taɓa kunne, haƙoransa a datse. Jiki yana ta kira, hankali ya daina amsawa. Na ga wannan a wurin ɗan kabu-kabun da ya tsira daga hatsari, na gani a wurin matan da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji tun 2019.

Masana sun daɗe da lura da abin. Wilhelm Reich, almajirin Freud shahararren masanin halayyar ɗan'adam, tun shekarun 1930 ya ce mutum yana ɗaure damuwarsa a tsoka da numfashi. Daga baya Peter Levine a Amurka ya gina hanyarsa ta magance firgici a kan dabbar da ta kuɓuta daga mafarauci: takan yi karkarwa, ta girgije, ta koma kiwo. Duk wanda ya ga kazar da shirwa ta kai wa sura ta kuskure ya san wannan. Mu kuwa mukan danne, mu ce haƙuri, jiki ya ci gaba da zama cikin shirin gudu.

Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, likita ne farko, wannan ba ja-in-ja. Abin da ke biye na wanda aka duba ne.

A shimfiɗa tabarma, a jingina baya da bango, tafin ƙafa a ƙasa. Ban yarda da kwanciya ba, barci take kawowa ko tunani. Ido a buɗe. Masu farawa suna son rufe ido don sun gani a waya, kuma wanda ya firgita, da ya rufe ido, abin da ya faru ne zai tsaya masa a gaba. A juya wuya a hankali, a duba ɗakin: ga randa, ga buta, ga hasken da ya shigo ta taga. Numfashi kuma kada a ja shi da ƙarfi, jiri yake sawa. A shaƙa kamar kullum, a fitar a hankali kamar mai hura kunu da zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Lokacin fitar da numfashi bugun zuciya yake raguwa.

Sai a nemi wuri ɗaya a jiki wanda ba ya ciwo, ba ya tsoro. Tafin hannu, diddige, bayan da ya taɓa bango. Ba sai yana da daɗi ba, ya dai zama shiru. A zauna da shi minti biyu.

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wata Hajiya ce, ɗanta ya rasu a hanya, wata takwas ba ta barci. Na ga ta natsu, sai na yi gaggawa, na ce, "Hajiya, ku kai hankalinku wurin ƙirjin, ku tsaya a can." Ban ƙirga goma ba hannunta ya yi sanyi, ta damƙe bakin mayafinta, idonta ya kafe a bango, ba ta jin kirana. Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Ɗiyata, kin mayar da ni ranar." Sati uku ba ta sake zuwa ba, kuma tana da gaskiya.

Wurin ciwo ba a zama a cikinsa. Leƙawa ake yi, kamar yadda ake taɓa murfin tukunya a janye hannu. Numfashi ɗaya ko biyu a gefen nauyin, gefe na ce, sannan a koma tafin ƙafa, a daɗe a can har jiki ya lafa. A sake leƙawa, a sake komowa. Ana leƙawa ana faɗin abin da aka ji da kalmomin jiki: zafi ne ko sanyi, matsewa ce ko nauyi, faɗinsa ya kai tafin hannu? Da zarar baki ya fara "ranar nan da aka bugo waya", an bar jiki an shiga labari, a dawo ƙafa. Sau uku ya isa a zama ɗaya. Wanda ya ce zai gama da abin yau-yau, shi ne gobe zai kwana ido biyu. Da Hajiya ta dawo, zama huɗu muka yi ba mu wuce tafin hannunta ba, a na biyar ta yi hamma mai tsawo, ta ce hannun ya yi ɗumi.

Alamun sauka ke nan: hamma, ajiyar zuciya, ƙugin ciki, ɗumi a hannu, wani lokaci hawaye ko ɗan karkarwa a ƙafa. A bar karkarwar ta wuce da kanta, kada a ƙirƙire ta. Abin kuma ba ya buƙatar kuɗi, masu sayar da darasi a intanet megar mutum kawai suke ci.

Minti goma a rana, bayan asuba ya fi, kafin zafi ya taso. A tashi a hankali, a sha ruwa, a kama wani aikin hannu, shara ko wanki. Alwala ma wurin gwaji ce sau biyar a rana, in an tsaya an ji sanyin ruwan a fata. In kuwa mutum yana ɓacewa kamar yadda Hajiya ta yi, ko tunanin cutar da kansa yana zuwar masa, ya daina yi shi kaɗai, ya je asibiti ya nemi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da ɗan'uwa a gefensa.