Yadda za ka zaga Balad, tsohuwar Jidda, a yammaci ɗaya

Mutanenmu sun san Balad, amma sanin kasuwa. Mazauna Jidda da Makka da baƙin Umara duk tafiyarsu ɗaya: a sauka Bab Sharif, a sayi abaya da turare da darduma, a cika jaka a juya, kai a sunkuye ana lissafin riyal. Alhali a saman shagunan nan ne gidajen da suka sa UNESCO ta shigar da unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014 suke tsaye. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman ɗan Affan ya mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa, kuma ta nan kakanninmu masu Hajjin ƙafa suka shigo. Ga yadda za ka tsara fitar.

Fara da zaɓen lokaci. Kada ka je da hantsi ko da azahar. Zafin Jidda mai danshi ne, kafin ka yi taku ɗari riga ta manne maka a baya, ga yawancin shaguna a rufe. Ka isa ana idar da La'asar, ka samu haske na kallon gini, dare kuma ya zama na kasuwa. Disamba zuwa Fabrairu sun fi sauƙi. Idan daga Makka kake, ka yanki tikitin jirgin ƙasa na Haramain ta waya tun da wuri, ka sauka a tashar Sulaimaniyya, ka ɗauki tasi. Igama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo su kasance a aljihu. Mai bizar aikin Hajji kuwa ya fara tuntuɓar jami'an alhazansa kafin ya fita. Takalmi mara nauyi, don lungunan na ƙafa ne.

Ka ce wa direba Bab Jadid, ta arewa. Da ya ji Hausa a bakinka zai nufi Bab Sharif da kai, sai ka maimaita masa. Ƙofar da za ka gani sake gina ta aka yi. Asalin ganuwar an ɗaga ta ne a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarki Ƙansuh al-Guri na Masar, don tare jiragen yaƙin Turawan Fotugal, aka rushe ta a 1947 da gari ya yi wa mutane kaɗan.

Daga ƙofar ka gangara cikin Haratus Sham, ɗaya daga unguwanni huɗu na tsohon gari, sauran su ne Mazlum da Yaman da Bahar. A nan ne za ka rage sauri. Matsa kusa da bango, ka nemi inda shafen ya ɓare. Dutsen da ke ciki duk ƙananan ramuka ne, wani wurin har da ɓawon halittun ruwa a maƙale, domin murjani ne da aka haƙo daga gaɓar Bahar Maliya. Ba shi da ƙarfi sosai, shi ya sa magina suke shimfiɗa katako a kwance bayan kowane 'yan layuka, ya raba nauyi, har gini ya kai hawa huɗu ko biyar bai tsage ba. Sannan ka ɗaga kai. Tagogin katakon nan da suka turo waje, wasu kore wasu shuɗi wasu kalar ƙasa, su ake kira rawashin. Katakon daga Indiya da tsibiran Jawa jiragen 'yan kasuwa suke kawo shi. Iskar teku tana ratsa ƙananan hudojin ta sanyaya ɗaki, matan gida kuma suna kallon titi babu mai ganinsu. Duk wanda ya tashi a gidan kulle zai gane hikimar ba sai an yi masa bayani ba. Gidan da ka ga an kewaye shi da shinge ana gyara, kada ka ƙetare, wasu sun karkata sosai. Hoton gini ka ɗauka iya son ranka, amma na mutane, musamman mata, sai da izini, doka ce.

Ka daidaita tafiyarka Magariba ta same ka a Masallacin Shafi'i da ke Mazlum, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a garin. Tsakar gidansa a buɗe take, ginshiƙan na katako.

Bayan sallah ka shiga Suƙul Alawi, kasuwar da ta ratsa tsakiyar gari. Ƙamshin luban da kanumfari da gahawa zai so ya tsayar da kai. Daure tukuna, ka wuce Baitu Nasif. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925. Idan ka dace a buɗe yake, don ba kullum ba ne, ka lura da matakalar: faɗi gare ta, hawanta a kwance, ana cewa raƙumi da kayansa yakan hau har sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar darbejiya, irin wadda muke ƙin kallo sau biyu a gida. Nan kuwa, a garin da ruwan sha ma wahala yake, ta kai a yi kwatancen gida da ita.

Ka bi kasuwar gabas har Bab Makka. A ganina nan ne wurin da ya fi shafar Bahaushe. Daga wannan ƙofa ayarin alhazai yake kama hanyar Makka, tafiyar kwana biyu a raƙumi. Namu da yawa a ƙafa suke yin ta, bayan sun baro Kano ko Sakkwato ko Borno, sun ratsa Chadi da Darfur suna ƙodagon noma don guzuri, wasu shekara da shekaru, kafin su tsallako daga Sawakin a jirgin ruwa. Waɗanda ba su koma ba, jikokinsu ne za ka ji suna haɗa Larabcin Hijaz da Hausa a bakin ƙofar. Idan ka ga dattijo a zaune, yi masa sallama, ka ce “Baba, ina wuni?” Sau da yawa hirar da za ta biyo baya ta fi abin da ke rubuce a allunan tarihi.

Ba nisa daga nan akwai maƙabartar da ake jingina wa Nana Hauwa'u. Labarin baka ne, malamai ba su tabbatar da shi ba, an kuma rushe ginin da ke kan kabarin tun shekarun 1920. Kada ka biya kowa kuɗi don ya kai ka.

Yanzu sai tsaraba. Koma cikin Alawi ko ka gangara Bab Sharif, ka taya ƙasa da abin da aka faɗa maka, ka zaga shago biyu uku kafin ka zaro kuɗi. Idan jirgin ƙasa za ka koma, ka bar Balad da sauran lokaci a hannunka, domin bayan Isha'i titunan da ke kewaye da ita cushewa suke yi.