Yadda Za Ka Zaɓi Fentin Birkin Babur Mai Ƙarko

Da farko, in ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota a Kumasi, neman fenti, kada kala ta ruɗe ka. Juya gwangwanin ka karanta. Abu biyu za ka duba: yana jure zafi, sannan yana jure man birki. Na biyun ne mutane suka fi mantawa. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 cin fenti yake yi. Ɗigo ɗaya ya zauna a kan fentin gama-gari, sai ka ga ya kumbura yana saɓulewa kamar ɓawon dafaffiyar gyaɗa. Ni dai na fi yarda da fentin epoxy mai haɗi biyu, ko da ya fi tsada.

Sai ka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe takalman birki wanda za ka yi wa fentin, ka cire takalman birkin. Kankare tsatsa da burushin waya, ka bi da samfefa mai lamba 400, ka wanke da ruwan wanke birki har maiƙo ya fita tas. Kada ka yi gaggawa a nan, fenti ba ya kama datti.

Rufe fistin (ƙarfen da ke tura takalman birki), robobi da ramukan kusoshi da salatif. Fuskar farantin birki da takalmin birki kuwa, fenti kada ya kusance su ko kaɗan, don ranka ne a kai.

Fesa siriri-siriri sau 3, da tazarar da aka rubuta a gwangwani. Damina a Kumasi akwai laima, don haka ba shi aƙalla awa 24 a inuwa. Bayan ka ɗaura, matsa birkin har ya yi tauri kafin ka hau titi.